Bayananka sun riga sun fita, saura ka tsare layinka

A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta biya naira 100 kacal a wani shafin intanet mai suna AnyVerify, ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani. Watanni kaɗan kafin nan 'yan jaridar bincike na FIJ sun bankaɗo wani shafin, XpressVerify, da ke irin wannan ciniki. Hukumar NIMC, mai bayar da lambar NIN, ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ƙofa aka shiga ko ta taga, wanda aka sayar da sunansa da hotonsa da ranar haihuwarsa da adireshinsa bai ga bambanci ba. Kuma in takardar minista naira 100 ce, babu dalilin da zai sa malamin firamare a Gumel ko mai sayar da hatsi a Dawanau ya ɗauka tasa tana cikin akwatin ƙarfe.

Saboda haka ra'ayina shi ne kowa ya daina tambayar ko bayanansa sun fita, ya ɗauka sun fita, ya tsara lamuransa a kan haka. Kalmar sirri in ta fallasa ana sauya ta cikin minti biyu. Katin ATM ana toshe shi a karɓi wani. Amma BVN da NIN, lambobin nan masu alƙaluma goma sha ɗaya-ɗaya, na har abada ne, haka ranar haihuwa da sunan mahaifiya. Ba a kiran su su dawo. Abin da ya rage a hannunka shi ne hana wanda ya same su amfana da su.

Abu na farko da ya kamata a fahimta, domin tsoro ne jarin ɗan damfara: BVN ita kaɗai ba ta cire kuɗi. NIN ma haka. Wanda ya riƙe su yana buƙatar abu ɗaya da ya rage, ko dai lambar nan ta OTP da banki ke turowa ta saƙon waya, ko lambar sirrin katinka, ko kuma layin wayar kansa. Duk wata dabara tasa a kan wannan guntun abin take zagayawa.

Hanya mafi arha a wurinsa ita ce ya kira ka. Wayar takan shigo da yamma, bayan an rufe banki, ko ranar Asabar. Murya a natse, Hausa tsantsa, da sallama. "Ranka ya daɗe, Alhaji, daga ofishinmu na Abuja ne. Sunanka kaza, an haife ka ranar kaza, BVN ɗinka ta ƙare da kaza, haka ne?" Duk daidai. "To an samu matsala wajen haɗa NIN da asusunka, yau za a rufe shi. Yanzu za ka ga wata lamba ta shigo, karanto min ita in gyara maka." Mutum mai hankali yakan faɗa wannan tarko ba don wauta ba, sai don wanda ya kira ya san abin da a tunaninsa banki kaɗai ya sani. Wannan tunani ne fallasar bayanai ta rushe. Yau sanin ranar haihuwarka ba shaidar komai ba ne. Lambar da ta shigo kuwa ita ce banki ke turowa don tabbatar da cewa kai ne ke ƙoƙarin ɗora manhajar asusunka a sabuwar waya, ko sayen kaya da katinka. Da ka karanto ta, ka sa hannu. Maganin guda ɗaya ne, ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka da kanka. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da aikinsa ke buƙatar ka karanto masa OTP ko lambar sirri, kuma babu asusun da ake rufewa don ka ƙi yin magana da baƙo a waya.

Hanya ta biyu ta fi muni, domin ba ya buƙatar yardarka. Zai raba ka da layin.

Tun da aka ƙaddamar da BVN a 2014, sannan aka tilasta haɗa layi da NIN daga Disambar 2020, layin waya ya tashi daga abin gaisawa ya zama makullin gida. Ta kansa OTP ke shigowa, ta kansa ake tura kuɗi da lambobin USSD ba tare da intanet ba, ta kansa ake dawo da WhatsApp da imel da Facebook. Ana ƙwace shi ta hanyoyi uku. Ko a sace wayar, ko a je a yi walkam bak, wato a buga sabon layi mai lambarka, da sunanka da takardun bogi, wani lokaci da haɗin bakin wani na ciki, domin da ɗan gari akan ci gari, ko kuma kai da kanka ka yi watsi da layin har kamfani ya sake sayar da lambar ga wani.

Ɓarawon waya na yanzu sau da yawa bai damu da wayar ba. Zai zare layin ya sa a ƙaramar waya mai maɓallai, inda kullen babbar wayarka da zanen yatsanka ba su da amfani. Zai danna *565*0# BVN ɗinka ta fito masa. Zai duba saƙonni ko ya gwada lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kake ajiya, ya sayi kati, ya gwada karɓar rance, ya nemi sabunta lambar sirri. Duk wannan kafin ka gama zagayen tasha kana neman wayarka. Abin da ke tsayar da shi cak abu ne da ba ya cin ko sisi, kuma mafi yawan mutane ba su taɓa kunna shi ba: lambar sirrin layin kansa. A saitin tsaro na kowace waya akwai wurin kulle SIM. In ka kunna, duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka sa layin a wata waya, sai an saka lambar kafin ya kawo sabis. Sai dai a yi hattara wajen kunnawa. Wayar za ta fara tambayarka lambar da layin ya zo da ita daga kamfani. Kada ka yi ta canka. In ka yi kuskure sau uku layin zai kulle ya nemi PUK, wata lamba mai alƙaluma takwas da ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki, in kuma ka yi kuskuren PUK sau goma layin ya mutu sai an yi sabo. Ka fara neman PUK ɗinka, a jikin katin ko daga kamfanin, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, sannan ka tambayi kamfanin lambar asali, ka kunna, ka sauya ta zuwa wadda ba shekarar haihuwarka ba ce. Shekarar haihuwar tana cikin abin da aka riga aka sayar.

Wannan kulle ba ya hana walkam bak na bogi, domin a nan sabon layi ake bugawa da lambarka. Alamarsa ita ce sabis ya ɗauke a wayarka gaba ɗaya alhali na kusa da kai mai irin layinka yana waya lafiya. Kashe ka kunna. In bai dawo ba cikin 'yan mintoci, kada ka kwana a kai kana cewa matsalar sabis ce. Kuma a nan mutane ke kuskuren tsari: sukan ruga ofishin kamfanin waya su shiga dogon layin jira, kuɗin kuwa na ta fita. Banki ake fara rufewa. Yawancin bankuna suna da lambar gaggawa da za ka danna daga wayar kowa ka toshe asusunka, misali *901*911# a Access da *966*911# a Zenith. Ka je ka tabbatar da ta bankinka tun yau, ka rubuta ta tare da lambar asusunka a takarda, ba a cikin wayar da za a sace ba, ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda take. Bayan an toshe asusu sai a nufi kamfanin waya. In sun yi maka wasa da hankali, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar koke a 622 kyauta.

Akwai wata matsala tamu ta nan Arewa da ba a cika magana a kanta ba. Layuka da yawa ba da sunan masu amfani da su aka yi rajistarsu ba. Miji ya yi wa matarsa da NIN ɗinsa, ɗa ya yi wa tsohuwa, wani ya saya a kasuwa an riga an yi masa rajista. Ranar da layin ya ɓata, mai asusun ba zai iya dawo da shi ba, wanda sunansa ke kai kuwa zai iya, ko da an rabu ba a ga maciji. Matar da aka saka, layinta na hannun tsohon miji a hukumance, kuma a kansa alat ɗin bankinta ke shigowa. Duk layin da ke haɗe da asusunka ya kasance da NIN ɗinka aka yi shi. In kuma ka daina amfani da wani layi, ka je banki ka cire shi daga asusu da kuma BVN kafin ka jefar, domin wanda za a sayar wa lambar nan gaba zai gaji alat ɗinka da OTP ɗinka.

Ga mai ajiya mai kauri, ɗan kasuwa ko mai tara kuɗin aikin Hajji, shawarata ita ce ya raba ƙafa. Asusu ɗaya na cefane, mai kati da manhaja, da ɗan abin da in ya salwanta ba za a shiga uku ba. Ɗaya na ajiya, ba kati, an kashe USSD, an rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana. A sa alat ta imel ban da ta saƙon waya, domin in aka ƙwace layi saƙon yana zuwa wurin ɓarawo ne, kai shiru za ka ji.

Hanya ta uku ita ce wadda ba ka jin zafinta sai an daɗe. Ba kuɗinka zai taɓa ba, sunanka zai ara. Zai buɗe asusu da shi a ɗaya daga bankunan nan na waya, ya riƙa karɓar kuɗin damfara ko na fansa ta ciki. Zai ci bashi a manhajar rance. Zai yi rajistar layi ya riƙa kiran iyalan wanda aka sace. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawu, ƙofar gidanka sawun zai tsaya, domin hotonka da adireshinka ne a jikin takardar. Ba a banza ba Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa a watan Afrilun 2024 na wasu makonni, har sai da aka tsaurara tantancewa.

Wannan ana gano shi ne da bincike kawai. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke tattara tarihin bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. A cikin rahoton za ka ga duk bashin da aka rubuta da sunanka, da wanda ya bayar, da ko ana biya. Tunda uku ne, ka raba su, ɗaya duk bayan wata huɗu, sai ka zama kana leƙawa sau uku a shekara ba ka biya komai ba. Abin ba na wasa ba ne, domin tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI da ya ba bankin da ke bin bashi damar cire kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗin wanda ya ƙi biya, ko a wane banki yake. Bashin da ba ka ci ba yana iya cin albashinka. Haka nan ka danna *996# ko ka je ofishin kamfanin waya ka ga layukan da ke rataye da NIN ɗinka, duk wanda ba ka sani ba ka nemi a cire shi, a rubuce.

"A rubuce" ɗin nan ita ce gaba ɗaya shari'ar. Mu mutane ne masu zuwa ofis mu yi bayani da baki, a ce mana za a duba, mu yi godiya mu tafi. Bayan wata shida babu wanda ya tuna ka zo. In ka ga asusu ko bashi ko layin da ba naka ba, ka rubuta takardar koke da kwanan wata, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe, ka nemi lambar koken. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ka karɓi takardar shaida, ka yi takardar rantsuwa a kotu cewa ba kai ka buɗe ba. Takardar da ke ɗauke da kwanan watan da ya riga zuwan matsala ita ce ke raba wanda aka zalunta da wanda ake tuhuma. In banki ya wuce mako biyu bai warware ba, ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, tare da lambar koken farko, domin ita za su fara tambaya. In kuɗi aka kwashe, sa'o'in farko su ne komai: bankinka na iya neman bankin da aka tura wa ya riƙe kuɗin, amma in an riga an rarraba su zuwa asusu biyar an cire ta hannun masu POS, sai ihu bayan hari.

Batun imel da shafukan sada zumunta gajere ne. A Afrilun 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533, ciki har da kusan miliyan tara daga Najeriya, da lambobin wayarsu. Shafin Have I Been Pwned yana nuna maka kyauta ko imel ɗinka ya fito a wata fallasa. Kada kalmar sirrin imel ta zama iri ɗaya da ta ko'ina, domin ɓarayi suna ɗaukar wadda ta fallasa a wani shafi su gwada ta a sauran. A WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lamba shida ce. In ba ka sa ba ɓarawo zai sa tasa, kuma ko ka dawo da layin kana iya jiran kwana bakwai kafin ka shiga, shi kuwa yana ta roƙon 'yan'uwanka kuɗin asibiti da sunanka.

Dole kuma a faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Ba duk bayanan da ke yawo sace su aka yi ba, wasu da hannunmu muka miƙa. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kusan 12,000 da ke bi suna sayen NIN da BVN da hoton mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000 don a buɗe asusu da su. Na san yunwa ce ke sa mutum ya karɓi dubu biyu, kuma ba na ganin laifin uwar marayun da aka ce mata rajistar tallafi ce. Amma ya kamata limamai da masu unguwanni su riƙa faɗa a fili cewa wanda ya sayar da lambarsa ya sayar da sunansa ne ga laifin da bai san irinsa ba. Haka fom ɗin tallafi da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana neman BVN da lambar kati. Haka kwafin takardar NIN da ake bari a shagon buga takardu, har ka ga an ƙunshe maka ƙosai a cikin ta wani. In dole ka ba da kwafi, ka rubuta a kansa da biro, ta saman rubutun, wurin da ka ba da dalili da kwanan wata, yadda ba zai yi amfani a wani wuri ba. Inda suke karɓa, ka ba da NIN ta wucin gadi da NIMC ta fito da ita, mai haruffa da alƙaluma goma sha shida, wadda ke aiki ga ma'aikata ɗaya kawai kuma ta mutu bayan sa'o'i 72.

Duk da haka ba na yarda da masu ɗora wa talaka laifin gaba ɗaya. Ba shi ya roƙi a tattara bayanansa ba. An ce masa in bai kawo NIN ba za a rufe layinsa, ɗansa ba zai zana JAMB ba, ba zai sami fasfo ba. Ya kawo. Wanda ya tilasta maka ka ba shi ajiya, amanar tana wuyansa. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta faɗi haka ƙarara: ma'aikatar da aka fasa wa rumbu, in abin na iya cutar da mutane, ta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72, in haɗarin babba ne ta sanar da mutanen kansu ba da ɓata lokaci ba. Tarar manyan ma'aikatu tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, wanda ya fi yawa. A Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8 kan yadda ya sarrafa bayanan mutane, ko da yake bankin ya musanta laifin. Wato dokar tana da haƙora. Amma mai karatu ya tambayi kansa sau nawa wani banki ko kamfanin waya ko hukuma suka taɓa aiko masa da saƙo cewa bayanansa sun fita, ga waɗanda suka fita, ga abin da zai yi. Shirun nan ya fi fallasar kanta illa, domin shi ke ba ɗan damfara watannin da yake buƙata.

Abin da nake ganin ya kamata a matsa a kai ba mai wuya ba ne. Sanarwar fallasa ta zo ta saƙon waya da rediyo, da Hausa da sauran harsunan da mutane ke ji, ba wasiƙar Turanci a shafin da manomi ba zai taɓa buɗewa ba. Duk layin da aka yi wa walkam bak, ya zama tilas a dakatar da fitar kuɗi ta kansa na kwana ɗaya ko biyu a kowane banki, manya da ƙanana. Duk lokacin da aka buɗe asusu ko aka yi rajistar layi da lambar mutum, saƙo ya je wa tsohon layinsa nan take. In kuma mutum ya ce bashin nan ba shi ya ci ba, mai ba da rancen ne zai kawo hujjar yadda ya tantance wanda ya ba kuɗi, ba wanda aka ara sunansa ne zai yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi da kuɗin motarsa ba. NDPC tana karɓar koke daga ɗaiɗaikun mutane, kuma dokar ta ba ka damar tambayar kowace ma'aikata, a rubuce, wane bayani naka take riƙe da shi da kuma wa ta ba.